Daga Gaɓar Kwara Zuwa Afaka: Tarihin Horar da Hafsoshin Soja da Rabon Ƙasar Yauri

  

Gabatarwa

A shekarar 1964 an ɗora tubalan manyan ayyuka biyu a Arewacin Nijeriya. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda kowane ɗan Yauri ya san labarinta tun daga bakin kakanninsa, domin ruwanta ne ya haɗiye gungunan Gungawa da gonakin fadama, ya sa aka tashi mutane kimanin 44,000 daga matsugunansu a ƙasashen Yauri da Borgu. Na biyu kuwa shi ne Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. Labarin madatsa mun haddace shi, domin ya taɓa mu a jiki. Labarin makarantar kuwa kaɗan ne daga cikinmu suka damu da shi, alhali daga cikinta ake fitar da mutanen da ke yanke shawarar inda za a girke soja da inda za a bari babu kowa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bibiyi tarihin wannan makaranta, ta kuma duba inda ƙasarmu ta tsaya a cikinsa.

Soja Kafin Makaranta

Ƙasar Yauri ba baƙuwar yaƙi ba ce. Kufan ganuwar Birnin Yauri shaida ne cewa magabatanmu sun san dabarun tsare gari, kuma kogin Kwara da gungunansa sun daɗe suna zama mafaka idan mahara suka taso. A wancan zamani babu makarantar koyon jagorancin yaƙi. Yaro yakan koya ne a gindin ubangidansa, ya riƙe masa doki, ya ɗauki garkuwa, har ranar da za a ga ya isa a ba shi mutane. Na kan ruwa kuma yakan koyi sarrafa kwalekwale da jifan mashi tun yana ƙarami.

Sojan zamani kuwa asalinsa yana komawa ga shekarar 1863, lokacin da wani hafsan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindigogi. Daga wannan ƙaramin tushe ne aka yi ta faɗaɗawa har zuwa 1897, sa'ad da aka ɗora wa Lugga alhakin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta yi sansani a Jebba. Da yake Turawan Ingila da na Faransa suna rige-rigen mallakar Borgu da gaɓar Kwara, sai aka girke soja a Yelwa. A watan Oktoba na 1898 wani matashin hafsa Bature, Laftanar Keating, ya tafi wani gungu da ke kusa da 'yan sojojinsa domin karɓar jiragen ruwa. Mutanen gungun suka ƙi, aka gwabza, shi da yawancin mutanensa ba su koma ba. Ke nan haɗuwarmu ta farko da sojan zamani ba ta daɗi ba ce, kuma mai yiwuwa tana cikin dalilan da suka sa iyayenmu suka daɗe suna kallon kaki a matsayin tufar baƙo.

Tsarin rundunar a wancan lokaci a bayyane yake: hafsoshi duka Turawa ne, baƙar fata kuwa iyakarsa igiya. Yana iya zama kofur, ko saje, ko samanja, amma anini ba ya hawa kafaɗarsa. Harshen Hausa ne harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye shi. A 1924 aka buɗe sansanin horar da kurata a Zariya. Waɗannan kurata ne da 'ya'yansu suka yi yaƙin duniya na biyu, suka shiga Mogadishu a 1941 a yaƙin da aka kori Italiya daga gabashin Afirka, sannan suka ratsa dazukan Bama a runduna ta 81 da ta 82 suna fafatawa da Japan. Sun yi jarunta, amma a ƙarƙashin umurnin wani.

Hanyar Teshi da Ingila

Bayan yaƙin, da iskar neman mulkin kai ta fara kaɗawa, sai Turawa suka buɗe ƙofa kaɗan. Daga 1948 aka fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa, kuma cikin na farko-farko akwai Wellington Bassey, da Aguiyi-Ironsi, da Samuel Ademulegun, waɗanda suka taso daga cikin ƙananan sojoji. Wanda aka zaɓa yakan fara zuwa Teshi a ƙasar Gana, inda ake tace ɗalibai daga yankunan da Ingila ke mulka a Afirka ta Yamma. Idan ya tsallake, sai a tura shi Ingila, ko dai makarantar Sandhurst mai dogon kwas, ko Mons da Eaton Hall masu gajeren kwas. Ta wannan hanya Zakariya Maimalari, tsohon ɗalibin kwalejin Barewa, ya fito daga Sandhurst a 1953. Kur Muhammad da Abogo Largema suka biyo baya, sannan Yakubu Gowon, da Hassan Usman Katsina, da Murtala Muhammad.

Wannan hanya tana da ƙunci, domin guraben da Ingila ke bayarwa ba su da yawa. Saboda haka a ranar samun 'yancin kai a 1960 mafi yawan hafsoshin rundunar Nijeriya Turawa ne, kuma cikin 'yan ƙasa kaɗan da ke akwai, 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Shugabannin Arewa na lokacin sun hango haɗarin da ke cikin wannan. A 1961, zamanin da Alhaji Muhammadu Ribadu ke Ministan Tsaro, aka tsayar da ƙa'idar rabon guraben hafsoshi: rabi ga Jihar Arewa, sauran rabin kuma Gabas da Yamma su raba daidai. Ba a tsaya ga doka a takarda ba. Sardauna da ministocinsa sun riƙa bin makarantun sakandare suna kwaɗaita wa yara aikin soja, wani lokaci har da rakiyar matasan hafsoshi sanye da kaki, domin yara su gani da idonsu cewa ɗan Arewa ma yana iya saka anini.

Amfanin wannan yawo ya fito fili a makarantar sakandare ta Bida. Aji guda na wannan makaranta ya fitar da Ibrahim Babangida, da Abdulsalami Abubakar, da Mamman Vatsa, da Gado Nasko, da Sani Bello, da Garba Duba, da Muhammadu Magoro, da Sani Sami. Da damansu sun shiga kwalejin horar da soja ta Kaduna, wato NMTC, a ƙarshen 1962. Mai karatu ya lura da sunaye ukun ƙarshe, domin maƙwabtanmu ne na Kwantagora da Zuru, kuma za mu dawo kansu.

Kafuwar Makarantar a 1964

Ƙasa mai 'yanci ba za ta dogara da wata ƙasa ta riƙa ƙera mata shugabannin sojanta ba, domin kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ne ya sa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa NDA a Kaduna a watan Fabrairu na 1964, a kan harsashin da kwalejin NMTC ta shimfiɗa. Abin lura shi ne, ba Ingila aka nufa neman taimako ba, Indiya aka nufa. Indiya tana da makaranta a Khadakwasla kusa da birnin Pune, inda ake horar da hafsoshin ƙasa da na ruwa da na sama a wuri guda, kuma wannan tsari Nijeriya ta ɗauko. Hikimar ita ce, waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya suna samari, ba za su kasa fahimtar juna ba ranar da ɗaya ke cikin jirgin sama, ɗaya kuma yana ƙasa yana jiran agajinsa.

Kwamandan farko ɗan Indiya ne, Birgediya M. R. Varma, wanda ya riƙe makarantar daga 1964 zuwa 1969. Ɗaliban kwas na farko su 60 ne da 'yan kai, kuma sun fito a 1967. Cikinsu akwai Aliyu Muhammad Gusau, da Salihu Ibrahim, da Oladipo Diya, da Joshua Dogonyaro. A 1969 David Ejoor ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci makarantar, amma sai a 1978 ne koyarwa ta koma hannun 'yan ƙasa gaba ɗaya.

Makarantar ba ta manta da kuratan da suka riga ta ba. Bataliyoyi huɗu da ake rarraba ɗalibai cikinsu suna ɗauke da sunayen fagagen yaƙin duniya na biyu: Mogadishu, Abisiniya, Bama da Dalet. Duk yaron da ya shiga, sunan da zai riƙa kira da alfahari a filin fareti da filin wasa suna ne na wurin da wasu talakawa marasa anini suka zubar da jininsu.

Jarrabawar Farko

Makarantar ba ta cika shekara biyu ba sai ga daren 15 ga Janairu, 1966. Wanda ya jagoranci harin Kaduna, Manjo Chukwuma Nzeogwu, babban malami ne a NMTC, kuma ya fake ne da atisayen dare ya fitar da sojoji. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Firayim Minista a Legas aka kashe shi, aka kuma hallaka manyan hafsoshi irin su Maimalari, da Kur Muhammad, da Largema, da Yakubu Pam, da Ademulegun, da Ralph Shodeinde. Wato cikin dare ɗaya Arewa ta rasa kusan dukkan manyan hafsoshin da ta yi shekara goma sha tana reno.

Akwai darasi a nan da bai kamata ya wuce mu ba. Waɗanda suka yi wannan aika-aika ba jahilai ba ne, sun sami horo a manyan makarantun Ingila. Abin da ya kuɓuce musu shi ne biyayya ga rantsuwar da suka yi. Ba banza ba ne taken NDA ya fara da biyayya, kafin jarunta da mutunci. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: juyin mulkin da suka biyo baya har zuwa 1993 sun nuna cewa rubuta take a bango ya fi dasa shi a zuciya sauƙi, domin akwai hannun tsofaffin ɗaliban makarantar a cikin wasunsu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga mutum kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000. Dole makarantar ta buɗe kwasa-kwasan gaggawa na 'yan watanni domin a sami masu jan sojoji a fagen daga. Bayan yaƙi aka koma wa dogon horo. Har zuwa farkon shekarun 1980 ɗalibi yakan fita ne da takardar shaidar ilimi ta makarantar, amma a 1985 aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a mai ba da digiri. Daga baya ta koma mazauninta na dindindin a Afaka, kusa da filin jirgin saman Kaduna, tsohon mazaunin kuma yana ɗauke da sunan Ribadu. A 2011 aka karɓi mata 20 a kwas na 63, su ne na farko da suka shiga dogon kwas na mayaƙa.

Yadda Ake Ƙera Hafsa

Dogon kwas shekara biyar ne. Shekaru huɗun farko ana haɗa karatun digiri da horon soja: kimiyya, injiniyanci, tarihi, harsuna, ilimin ƙasa da makamantansu, tare da fareti, harbi, karanta taswira da tsallake shingaye. Shekara ta biyar ta aikin soja ce zalla, inda kowa ke fuskantar ɓangarensa, na ruwa su tafi kwalejinsu da ke Onne a Jihar Ribas. Akwai atisayen daji da na tsaunukan Filato, inda ake gwada juriyar ɗalibi ga yunwa, sanyi da rashin barci. Ana yin haka ne domin wanda zai ce wa mutum talatin su tashi su nufi wuta, wajibi ne ya riga su sanin ɗacin wahala. A ƙarshe sai faretin yaye ɗalibai, a ɗaura wa yaro anini ɗaya, ya zama hafsa da izinin Shugaban Ƙasa.

Hanyar shiga kuwa sananniya ce. Ana son saurayi ko budurwa marasa aure, masu kyakkyawan sakamako a darussa biyar ciki har da Turanci da Lissafi. Sai jarrabawar JAMB, sai jarrabawar makarantar kanta, sannan zaman tantancewa inda ake duba lafiya, tsawo, ƙarfin jiki da kaifin tunani. Kowace jiha tana da kasonta, kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ci da sha, tufafi da karatu. Bayan wannan akwai gajerun kwasa-kwasai ga waɗanda suka riga suka gama jami'a, kamar likitoci, injiniyoyi da lauyoyi. Akwai kuma makarantar sakandaren soja ta Zariya, wadda aka fara a 1954, da ta daɗe tana zama matakala ga masu wannan buri.

Maƙwabta a Matsayin Madubi

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, muke zaune a mazaɓar Sanata ɗaya da 'yan uwanmu na Zuru. Ƙasar Zuru ta rungumi aikin soja tun zamanin Turawa, kuma da ƙofar hafsanci ta buɗe ba su yi nawa ba. Daga cikinsu aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Aka sami Manjo Janar Muhammadu Magoro, wanda ya yi minista har sau biyu, da Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan Kaduna, kuma dukkansu biyun sun wakilci mazaɓarmu a Majalisar Dattawa. Aka sami marigayi Manjo Janar Muhammad Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Ta kudu da mu kuma, Garba Duba na Kwantagora ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato a 1984 zuwa 1985, lokacin Yauri tana cikinta, sannan ya zama kwamandan NDA a farkon shekarun 1990.

Ba a kawo waɗannan sunaye don hassada ba, domin hassada ga mai rabo taki ce. An kawo su ne don mu ga cewa abin da ya fara da shawarar 'yan yara a aji ɗaya, ya zama gata ga al'umma har tsawon shekara hamsin. Yauri ma tana da 'ya'yanta da suka saka kaki suka yi wa ƙasa hidima, wasu sun kwanta dama a bakin aiki, Allah Ya jiƙansu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, an fi sanin mu da malanta, da kasuwanci, da su, da noman albasa da shinkafa, fiye da hafsanci.

Shekarar 2021

Da a ce zaman lafiyar da muka taso a ciki ya ɗore, da wannan magana ba ta wuce hirar tarihi ba. Amma a ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan harin, a ranar 24 ga Agusta, 2021, wasu 'yan bindigar suka kutsa cikin NDA kanta a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya. A shekarar ce kuma jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da aka sayo daga Amurka suka iso, aka ajiye su a sansanin sojan sama na Kainji, a bakin tabkin da ya ci gonakinmu.

Waɗannan abubuwa uku sun nuna cewa tsaron ƙasarmu da ingancin wannan makaranta a igiya ɗaya suke ɗaure. Yaƙin yau na daji ne da kogi, kuma yana bukatar hafsan da ya san ƙasa. Wanda ya san lokacin da ruwan tabki ke cika da lokacin da yake janyewa, ya san mashigai da hanyoyin shanu tsakanin Shanga da Ngaski, yana jin Gunganci ko Kambarci ko Shanganci, yana riƙe da ilimin da taswira ba ta bayarwa. Hafsa na Nijeriya ne gaba ɗaya, ana iya tura shi Borno ko Bayelsa, kuma haka ya dace. Sai dai idan ana shawara a kan tsaron gaɓar Kwara, kyau a ce a cikin ɗakin akwai wanda ya taɓa shan ruwanta.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Yaron da ya tashi yana tuƙa kwalekwale daga Yelwa zuwa gungu, ko yana huɗa a gonakin Wara, ba ƙarfin jiki ko iyo ne zai kayar da shi ba. Inda ake barin yaranmu a baya shi ne Turanci da Lissafi, da rashin jin labarin fitowar fom a kan lokaci, da kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa. Duk waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba. Ina ba da shawara uku. Ta farko, rassanmu na birane su ɗauki nauyin darussan share fage a lokacin dogon hutu ga ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Yauri, Ngaski da Shanga. Ta biyu, a roƙi 'ya'yanmu da suka yi ritaya daga aikin soja su riƙa zagaya makarantu suna yi wa yara bayani, kamar yadda aka yi a Bida shekaru sittin da suka wuce. Ta uku, 'yan uwa mazauna Kaduna su buɗe ƙofofinsu ga duk yaron da aka kira tantancewa, kada ya kwana a tasha. Kuma a yi wannan ba tare da bambancin ƙabila, addini ko jinsi ba.

Wajibi ne kuma mu gaya wa iyaye gaskiya: aikin soja sayar da rai ne, kuma akwai gidajen da suka karɓi tuta a maimakon ɗa. Ba a tilasta wa kowa. Amma wanda zuciyarsa ta nufi can, kada rashin jagora ya tare shi.

Kammalawa

Ruwan Kainji ya zo mana ba da shawararmu ba, muka yi haƙuri, muka sāke gina rayuwa a sababbin matsugunai. Ƙofar Afaka kuwa a buɗe take, kuma kason Jihar Kebbi ba ya jiran kowa: idan namu bai nema ba, wani zai cike gurbin. Da ma Hausawa sun ce, sai an bugi jaki a kan san mai kaya. An buge mu a Birnin Yauri, saura mu nuna cewa kayan namu ne.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare sojojinmu a duk inda suke, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.